Mai Tuyar Kifin da Ta Karanta Mana Mota a Kalmalo

Ana sallame sallar asuba muka fitar da mota daga gida, mu uku: ni a kan sitiyari, mahaifina a gefena, ƙanwata a baya riƙe da kular maganinsa. Waɗanda suka ga hoton ruwan da na saka makon jiya suna ta tambayata ina ne, wasu har da rantsuwa cewa ba ƙasar Sakkwato ba ce. To ita ce. Tafkin Kalmalo ne, kusa da Illela, ga kuma yadda aka yi muka je.

Baba ya yi aikin malamin gona a Illela tun kafin a haife ni. Yanzu ƙarfi ya ja baya, ciwon suga ya sa shi gaba, sai an yi masa allura kafin ya ci abinci. Wani tsohon abokinsa ya gaya masa a waya cewa bana tafkin ya yi cikar da aka daɗe ba a gani ba, tun daga ranar kuwa ba shi da wata magana sai ta Kalmalo. Yayyena maza kowa ya kawo uzuri. Ni kuma wata uku ke nan da sayen mota, ina neman doguwar hanyar da zan gwada ta. Maigidana ya yarda da sharaɗi ɗaya, kada la'asar ta same mu a can. Duk mai bin hanyar nan ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta.

Motar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Lafiyarta ƙalau, sai dai duk abin da take rubutawa a allon gabanta da Faransanci ne. Na san alamar mai, na san ta ƙofa a buɗe, sai na ɗauka ya isa.

Mun wuce Kware rana ba ta gama fitowa ba. Kaka ce, an yanke gero, dammuna jingine da juna gona bayan gona, amalanken shanu na ta jigila zuwa gida. A Gwadabawa muka tsaya, ƙanwata ta yi wa Baba allurar safe, ya karya da ƙosai mai zafi, mu kuma muka sayi masa muka ci a ɓoye don kada ransa ya biya. Shingayen hanya kuwa na daina ƙirga su. Kowane jami'i zai sunkuyo ya ga mace ke tuƙi, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai idonsa ya faɗa kan farin gemun Baba, nan take ya gyara tsayuwa ya yi gaisuwa ya ɗaga mana hannu. Baba ya ce da ya san haka gemu ke aiki, da tuni ya fara ba da hayarsa ga direbobi.

Ranar kasuwa muka shiga Illela, ban kuwa taɓa ganin dabbobi masu yawan haka a wuri ɗaya ba. Fararen shanu masu tozo, jajaye masu ƙaho kamar za su taɓa wayar lantarki, raƙuma a durƙushe suna tuƙa ko a jikinsu, manyan motoci jere ana loda su. 'Yan canji na yawo da sefa a hannu ɗaya, naira a ɗayan. Ga dogon burodin nan na mutanen Nijar an tsayar da shi cikin kwando. Albasa ta fi ta Sakkwato araha nesa, har na sayi fiye da abin da kicin ɗina zai ɗauka. Hausar ma daban take faɗowa a kunne, ana ciniki sai ka ji kalmar Faransanci ta ratso, ba wanda ya lura sai baƙo. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, saƙo ne yana yi mini maraba da shigowa Nijar, alhali ƙafata na Najeriya. Muka yi dariya. Ban san daga lokacin kira ya daina fita ba.

Daga gari zuwa Kalmalo ba nisa. Muna fita daga cikin gonaki sai ga ruwa ya buɗe a gabanmu, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Ni da na tashi a birni, na saba ganin arewacin nan da jar ƙasa da ƙaya, sai na rage gudu ban sani ba. Furen bado ya rufe gefen ruwan fari fat. Balbelu sun cika wata bishiya da ruwa ya ci rabinta, garken agwagin daji ya tashi lokaci ɗaya har muka ji iskar fukafukansu daga cikin mota. Can nesa masunta na kwance a kan manyan goruna suna tura ruwa da hannu. Baba ya ƙura wa ruwan ido. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, leɓɓansa na motsi da tasbihi.

Na tsayar da mota ƙarƙashin wani dogon yaro, kusa da inda mata uku ke tuyar kifi. Muka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwa. Na kashe inji amma na bar makulli a buɗe, saboda kular maganinsa irin mai jona wuta ce, a jikin mota take shan lantarki. Ruwan allurar nan ba ya son zafi, ranar kaka kuwa ba ta wasa. Muka bar ƙofofi a buɗe, wayoyi biyu na caji, rediyo na yi wa Baba hira. Yana nuna mana inda ya taɓa koya wa manoma dashen albasa, yana cewa duk wancan wurin da ruwa ya rufe ya taka shi da ƙafa.

Kamar rabin awa da zamanmu, motar ta yi wani ɗan kuka, rediyo ya ɗauke a tsakiyar magana. Na leƙa. Koren hasken kula ya mutu, wayoyi sun daina caji, ga wani rubutu ya fito a allo, layi biyu, ko kalma ɗaya ban gane ba.

"Mi yaf faru?" in ji Baba daga kan tabarma.

Na ce masa ba komai. Akwai wata abokiyar aikina da motarta ta nuna gargaɗi, ta yi biris ta tayar da ita, ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, ta yi watanni a gareji. Wannan labarin ne ya tsaya mini a rai, na janye hannuna daga makulli kamar zai cije ni. Na kira maigidana, bai shiga ba. Ƙanwata ta ɗauki hoton rubutun don waya ta fassara mana, wayar ta yi ta juyi ba ta kawo komai ba. Na taɓa kular, ta fara ɗumi. Azahar ta kusa, Baba na bukatar allura kafin abincin rana, magani kuma idan zafi ya dafa shi ba a gane ya lalace da ido. Na yanke shawarar in nemi babur in koma Illela in ɗauko mai gyaran wutar mota. A ranar kasuwa, Allah kaɗai ya san awa nawa hakan zai ci, ga la'asar na jiranmu.

Ɗaya daga cikin masu tuyar kifin, dattijuwa da za ta kai hamsin da wani abu, ta ga yadda muke jujjuya kula. Ta taso tana goge hannu da gefen zane.

"Ɗiyata, magani na ciki?"

Na ce e, na ciwon suga ne, ba ya son zafi.

"Ƙulle shi cikin leda ki kawo in sa miki cikin tulu. Ruwan da sanyi."

Ƙanwata ta bi ta suka saka. Da dattijuwar ta dawo ta tsaya jikin ƙofar direba tana yi mini sannu, sai idonta ya kai kan allon. Ta ɗan runtse ido, ta karanta rubutun a fili, da irin lafazin da nake ji a tashoshin ƙetare. Na juyo ina kallonta.

"Wanga ai ba cewa tay yi ta lalace ba," ta ce. "Cewa tay yi ta shiga tattalin wuta."

Na tambaye ta ko ta san mota. Ta yi dariya ta ce ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba, karatu kawai ta iya. A Ƙonni ta Nijar aka haife ta, ta yi lakwal, wato makarantar bokon can, shekara takwas, tana son zama malama sai mahaifinta ya rasu ta bari. Daga baya aure ya kawo ta Kalmalo. Yanzu Faransancin da take karantawa bai wuce na kwalin magani ba, idan maƙwabta sun sayo daga tsallake sun kawo mata ta gaya musu yadda ake sha.

"Ba ta zo da littafi ba?" ta tambaya.

Ta zo da shi. Yana cikin aljihun gaban mota tun ranar da na saye ta, kauri kamar bulo, ban taɓa buɗewa ba. Na miƙa mata. Ta kai shi nesa da fuska, ta dawo da shi kusa, ta girgiza kai, rubutun ya yi mata ƙanana. Baba ya cire tabaransa ya miƙo.

"Gwada wanga, Malama."

Ta karɓa da hannu biyu ta saka. Ta zauna a bakin tabarma, ta duba jerin kanun da ke baya, ta bi da yatsa, ta buɗe shafin kai tsaye. Sai ta fara: ta karanta layi da Faransanci, ta ɗago ta mayar da shi Hausa. Idan an kashe inji, motar na barin rediyo da fitilun ciki da wurin caji su yi aiki na ɗan lokaci, kamar rabin awa, ko ƙasa da haka idan batir ba shi da ƙarfi. Daga nan sai ta yanke su da kanta, don ta rage wutar da za ta isa a tayar da inji. Wanda ke son su dawo, ya tayar da mota ya bar ta tana aiki na wasu mintoci. Ta juya wani shafi ta nuna mini hoton ɗan jan batir, ta ce wannan shi ne abin tsoro: idan ya kama alhali inji na aiki, batir ba ya samun caji ke nan, a nemi mai gyara ba tare da jinkiri ba.

"Naki bai kama ba. Tada ta."

Na yi bismilla na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Rubutun ya ɓace, jim kaɗan hasken kula ya dawo, rediyo ya ci gaba da surutunsa. Na kifa goshi a kan sitiyari ina hamdala. Baba kuwa mamakin motar yake, wai ƙarfe ne ya san ya hana kansa kashe abin da zai bukata anjima.

Aka yi masa allura da maganin da ya fito daga tulu da sanyinsa, muka ci soyayyar karfasa da yaji, irin daɗin da ban taɓa ji a kifi ba. Na ɗauko abin da zan ba ta na gode, ta ture hannuna. Ta ce kuɗin kifi ta karɓa, na karatu ba ta sayarwa. Sannan ta ƙara da cewa, kamar mai jin kunya:

"In ba ku sauri, ku bar ni in ƙara shafi guda."

Ta buɗe inda hannunta ya faɗa. Wannan karon ba ta fassara ba. Ta yi ta karantawa a hankali, muryarta na ƙara sakewa, harshen na gudu a bakinta kamar jiya ta baro aji. Daga hoton shafin na gane bayanin canza taya ne, amma yadda muka yi tsit sai ka ce wa'azi ake. Sauran matan biyu suka bar kaskonsu suka matso. Ɗayarsu ta ce shekara ashirin suna zama wuri ɗaya, ba ta taɓa jin ta yi dogon karatu haka ba. Sai da ƙaurin kifi ya taso suka watse da gudu suna dariya.

Ta rufe littafin, ta cire tabarau ta miƙa wa Baba. Ya ƙi karɓa. Ya ce yana da wani a gida, wannan kuma ya ga ya fi dacewa da idonta. Ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta ƙulle shi a bakin mayafi.

Mun yi azahar a can, muka kamo hanya rana da sauranta. Kafin la'asar ta yi sanyi mun shigo Sakkwato, Baba na barci, bayan mota cike da albasa da busasshen kifi. Washegari na kai motar aka auna batir, aka ce ya fara gajiya, na canza shi.

Na dawo da sanin abu biyu game da mota: ba kowane rubutu a allo ne masifa ba, wani kariya ce, kuma wanda bai san bambancin ba zai iya kwana a daji da lafiyayyar mota. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na yi tsaye taku goma daga matar da za ta iya warware mini komai, ina dube-duben babur in tafi neman gwani, don kawai na gan ta gaban kasko. A ruɗewar da na yi ko sunanta ban tambaya ba. Baba ne ya tambaya, ya kuma ce mini tun daga ranar yana ambatonsa a addu'arsa ta asuba.