Garkar Yaya Haruna Ta Fi Ƙarfina

Shekara tara ke nan da muka raka gawar yayana Haruna filin jirgi, aka kai shi Damagaram aka binne. Ba shi da kabari a Faransa. Abin da ya bari shi ne 'yar garkar da ƙungiyar unguwa ta ba shi aro a Rillieux-la-Pape, gefen birnin Lyon.

Maƙwabtansa suna shuka tumatir da albasa, shi kuwa ya cika gefen shinge da itatuwan da ba inuwa ba 'ya'ya. Hunturun Lyon ne ba ya jurewa. Cikin Fabrairu yake zuwa wurin masu sayar da dashe, lokacin da komai ya zama tsirara kamar kirare, ya tambaye su abu ɗaya: wanne ne ke riga sauran fure? Haka ya zaɓi forsitiya mai fure rawaya tun ganye bai fito ba, da magnoliya, da wani ɗan almon da sanyi ke ƙone wa fure kusan kowace shekara, bai kuma daddara ba. Na sha yi masa tsiya cewa ɗan manomin gero ya koma noman ado. Sai ya ce, "Rakiya, kin manta gawo? Sai kowa ya bushe yake kore."

Bayan rasuwarsa ni na riƙe garkar. Daga Aubervilliers, can nesa inda nake zaune, nake hawo jirgin ƙasa in yi sassabe, in datse rassan bayan fure ya zube kamar yadda ya koya mini, domin wanda ya datse kafin hunturu ya yanke furen baɗi. 'Ya'yansa kan zo cikin Maris, mu tsaya gindin magnoliyar mu yi masa addu'a.

Yanzu gwiwoyina sun ƙi, yaran kuma aiki ya watsa su. Wallahi na gaji. An ce in ruwanka bai isa wanka ba, yi alwala. Na mayar da mabuɗi, an ba wani magidanci ɗan Maradi mai bakuna biyar a gida. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wurin yakuwa nake so, sai na cire itatuwan nan." Ban ga laifinsa ba. Da Yaya na nan, na san zai yi gunaguni ya kuma miƙa masa fartanya, don bai taɓa mantawa baƙo raɓa ne ba.

Me ya saura na Haruna? Idona dai ya koyi neman fure a reshen da kowa ya ɗauka ya mutu, wannan ba mai tumɓuke shi. Amma jiya autarsa Nana ta kira ni, da Hausarta da Faransanci ya cinye rabi, ta ce, "Gwaggo, bana ina za mu je mu gaida Baba?"

Na ce mata zan kira ta. Har yanzu ban kira ba.