Gunvor Mai Cusa Jarida a Takalma

Ƙarfe bakwai na safe Gunvor Aune take buɗe ƙofar makarantarmu, da damin jaridun jiya a hammata, waɗanda ta bi gidajen maƙwabta ta karɓo. Aikinta shara da goge-goge. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma Juma'ar nan za ta yi ritaya.

A garinmu na masunta a arewacin Norway ruwan sama ba ya gajiya, yara kuwa ba sa ganin kududdufi su kauce. Sai su iso da takalma sharkaf. Kowa ya san maganin: a dunƙule jarida a cusa ciki ta tsotse ruwan. Gunvor ta ɗora doka ɗaya a kai. Ba a dunƙule shafi sai an karanta mata layi guda.

"Ba karatu, ba busasshen takalmi," in ji ta. "Ka koma gida caɓal-caɓal kamar agwagwa, ni ina ruwana?"

Mu malamai dariya muke yi mata. Yau kunya nake ji.

A shekarun baya akwai Tuva, 'yar ajina mai shekara tara. Na yi iya yina, littafi ya ƙi ta, ita ma ta ƙi shi. Har an fara maganar mayar da ita ajin musamman a birni, tafiyar awa biyu a mota kullum. A wurin Gunvor kuwa, da sunayen jiragen kamun kifi ta fara, don kakanta Halvard masunci ne.

"Wannan fa?" in ji Gunvor, tana nuna mata sunan wani jirgi a jarida.

"Ban sani ba, Gunvor."

"Kin sani mana, 'yar rainin wayo. Ba jiya kika ɗaga masa hannu a bakin teku ba?"

Da Halvard ya rasu, sanarwar ta fito a jarida. Gunvor ba ta jefa shafin cikin damin ba. Ta ninke shi a aljihu har ranar da yarinyar ta dawo makaranta, ta miƙa mata, ta ci gaba da gugarta.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Tuva ta bi layukan da yatsa, da ƙarfi, tana tuntuɓe tana tashi, har ta iso jerin waɗanda ya bari. Nan ta tsaya cak.

"Gunvor, sun sa ni. Ga ni nan."

Ba a ƙara maganar birni ba.

Ke ce malamar da ba ta da aji, Gunvor. Abin da ya gagare ni da takardun shaidata, ke kin yi shi a tsugune. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu jibge jaridu a bayan ƙofa, ku kira yaro ku zauna da shi. Tuva a garinmu ta gama makaranta, tare da ƙawayenta.