Dakta da Ramin Farko

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na yi maƙwabtaka da wani Bazazzagi da ke digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Tun bai gama ba muke ce masa Dakta, shi kuma bai taɓa hana mu ba. A kan tarihin wasannin kwamfuta yake bincike, tarihin kuwa duk wasa ɗaya ne a wajensa: wani tsohon wasa na lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidaje, inda wani ɗan mutum mai ƙaton kai ke tsalle daga dakali zuwa dakali yana tsintar fitilu.

Ba a shan shayi lafiya da shi a mamak, wato shagon shayi da abinci na can.

"Duk abin da kuke latsawa a waya jikokinsa ne," in ji shi. "Shi ya koya wa duniya tsalle."

Wani abokinmu ɗan Jos ya tambaye shi ko kafin nan awaki ba sa yi. Sati guda Dakta bai gaishe shi ba.

Wata Asabar ya samo irin kwamfutar a shagon tsofaffin kaya a Chow Kit, ya kira mu mu zo mu ga tarihi da idonmu. A kaset wasan yake. Ya kunna, abin ya yi ta ƙara kamar ana yanka kwano da zarto, har muka cinye shinkafar da matarsa ta kawo kafin ɗan mutumin ya bayyana. Dakta ya miƙe ya yi mana jawabi, sannan ya zauna ya latsa. Ɗan mutumin ya faɗa ramin farko. Ya sake, ya sake faɗawa. A karo na goma na gane cewa Dakta bai taɓa buga wasan ba, a takarda da bidiyo kawai ya san shi.

"Wahalar ita ce hikimar wasan," ya ce, yana share gumi.

Matar ta shigo kwashe kwanuka, ta tsaya kallo.

"Malam, ba ni in gwada."

"Wannan ba irin na wayarki ba ne."

Ta dai zauna. Sau biyu ta faɗa, na uku ta tsallake, ta kwashe fitilun ta wuce ɗaki na gaba a wasan.

"Gaggawa ce da kai," ta ce. "Ka riƙa bari dakalin ya matso."

"Madam boleh lah!" in ji ɗan Jos da yaren ƙasar, wato Madam ta iya.

Dakta bai yi dariya ba, littafi ya ɗauko. Makonnin da suka biyo baya, in ta gama girki sai ta zauna ta buga, shi yana gefe yana rubutu, har ta kai ƙarshen wasan.

Da kundin digirin nasa ya fito na karanta babin da ke kan wasan. Kowane ɗaki an bayyana shi dalla-dalla, ana ta cewa "mai bincike ya gano". Na duba shafin godiya. Ya gode mata da haƙuri da kula da gida.