Bakaniken da Ke Jin Japananci

Shekara goma sha biyu Malam Sirajuddeen yana fassara wa direbobin Kontagora Japananci, shi da ko Legas bai taɓa gani ba. Duk motar da allonta ya nuna wannan rubutu mai kama da tsinken tsintsiya, sai ya saka tabarau ya ce, "Cewa take a juye mata baƙin mai." Da wannan ilimi ya yi suna har Ibeto.

Sai maƙwabciyarsa Deborah, mai shagon buga takardu, ta sabunta tsarin kwamfutarta, irin na kyauta da kowa ke iya gyarawa. Ashe ya zo da sabuwar hanyar rubuta Japananci: ka zana harafi, ya fito. Ranar Laraba ta kwafi rubutun allon motar Khalilu direba, kwamfuta ta fassara a gaban jama'a.

"Baba Siraju, wai cewa take ba a saka katin biyan kuɗin shingen hanya ba."

"Kati?" in ji Khalilu. "Sau huɗu na juye mai saboda kati?"

Sirajuddeen ya cire tabarau ya goge a hankali. "Ke Deborah, abin nan naki sabo ne?"

"Sabo fil, Baba."

"Shi ya sa. Motar nan tsohuwa ce, Japanancin mutanen da take yi. Ina na yau zai gane?"

Khalilu ya kalli kwamfutar, ya kalli motarsa, sannan ya ɗaga bonet.

"Juye kawai, Baba. Kwamfutar nan jiya aka haife ta."