Sakin da Aka Yi Mini a Gaban Kamara

Ko da zan manta da komai na zamana a Arlit, ba zan manta da ranar da mijina ya sake ni a tele, wato talabijin, gari duka yana dariya, ni ma ina cikin masu dariyar ba.

Lokacin mijina yana aiki a kamfanin haƙar uraniyom, direban babbar mota ne. Idan ya samu hutu sai shi da abokansa su shirya wasan barkwanci da wata ƙaramar tashar tele take nunawa. Wasan a kan ofishin magajin gari ne na wani garin da babu shi: magajin gari mai yawan alkawari, kansiloli masu barci a taro, da shugaban ma'aikata wanda yake iya sasanta rikicin kowa amma gidansa kullum a hargitse. Mijina ne shugaban ma'aikatan nan.

Wata rana wadda take fitowa a matsayin matarsa ta tafi Agadas jinyar mahaifiyarta. Mai shirya wasan ya zo har gida ya roƙe ni in riƙe mata wurin, tunda a cewarsa faɗan mata da miji ba sai an koya mana ba. Na yarda. Abin da bai sani ba shi ne, da safiyar ranar ɗaukar mun yi faɗa na gaske, don mijina ya ƙi barina in je bikin ƙanwata a Tawa. Har muka isa wurin ba mu ce wa juna uffan ba.

An tsara in faɗo ofis ana tsakiyar taro a kan famfunan unguwa, in zazzage shi a gaban magajin gari saboda ya manta da bikin sunan ɗan yayata, shi kuma ya kore ni. Na shiga, na zuba masa duk abin da ke cikina tun safe. Shi kuwa ya miƙe, ya buga tebur, ya kira sunan matar wasan, ya ce, "Je ki, na sake ki!" Magajin gari na wasa ya faɗo daga kujera, kowa ya fashe da dariya. Mai shiri ya ce wannan ya fi abin da aka tsara, amma dariya ta ɓata ɗaukar, a sake. Aka sake, wani ya yi tari. Aka kuma sakewa. Sau uku ke nan ya faɗa mini kalmar nan, babu wanda ya kawo komai a ransa. Yanzu idan na tuna, mamakin wautarmu nake yi.

Washegarin ranar da aka nuna wasan, ina wanke-wanke da hantsi sai ga babana ya shigo ba ko zama. Tela ne a kasuwa, mutumin Tawa, mai tsantseni a kan addini. Ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Na ce, "Baba, lafiya?"

"Mi kike yi gidan mutumin da ya sake ki? Kasuwa duka maganar da ake ke nan."

"Baba, ai wasa ne."

"Saki ba shi da wasa. Sau nawa ya faɗa?"

Sau ɗaya aka nuna a tele, kuma da na ce ɗaya, da an yi kome an huta. Amma idonsa na kaina, kuma na san akwai mutane cike da ɗaki da suka ji. Na ce, "Uku." Babana ya dafa bango, ya yi salati. A nan ne na gane abin da na faɗa: idan ya tabbata, babu ni babu uban 'ya'yana.

Na kwashi yara na bi shi. Kwanakin da na yi a gidanmu ban san ɗanɗanon abinci ba. Mata na shigowa jaje kamar an yi mutuwa. Wasu su ce aure ya ƙare, wasu su ce a je a tambayi malamai. Mijina yakan zo daga aiki da kayan aikinsa a jiki ya tsaya a ƙofa, babana ya ce ba zai gan ni ba sai malamai sun yi magana. Abin da ya fi cina kuwa, wanda ban gaya wa kowa ba, shi ne faɗan da muka yi da safe. Shin da matar wasan yake, ko da ni?

Daga ƙarshe aka kai mu wurin wani dattijon malami, Bakatsine, wanda ya daɗe a garin. Aka zauna a zaurensa bayan la'asar: ni, babana, mijina, da mai shirin wasan riƙe da kamararsa yana ta zufa. Malam ya saurari kowa, sannan ya ce a kunna masa duka ukun. Ya kalla har ƙarshe. Mu da muka yi ta ƙyaƙyata a ranar, yanzu ko numfashi da ƙyar.

Ya dubi mijina. "Sunan da ka kira kafin ka furta, nata ne?"

"A'a, Allah gafarta Malam, na matar wasan ne."

"A ranar, akwai wani abu tsakaninka da iyalinka?"

Mijina ya sunkuyar da kai, ya ce, "Akwai. Mun yi faɗa da safe, kuma da fushina na je. Amma Allah shaida, ban nufe ta ba. Da zan rabu da ita, da ba a gaban kamara ba, kuma ba zan iya ba." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Malam ya ce mu ba shi lokaci ya duba littattafai, ya kuma tuntuɓi na gaba da shi, don magana ce mai saɓani. Muka sake komawa jira. Da ya kira mu, ya ce a fahimtarsa mijina bakin wani ya ara, da wata yake magana, don haka aure yana nan. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma kun yi rawa a bakin rijiya. Da wani malamin kuka je wa, da ya raba ku, kuma da ba zan ce ya yi zalunci ba."

Babana da kansa ya mayar da ni ɗakina. A ƙofa ya ce wa mijina, "Ka ci gaba da ba mutane dariya in kana so, amma ba da ɗiyata ba." Ban ƙara fitowa a wasan ba, kuma mijina bai ƙara yarda a sa masa wannan kalma a baki ba, ko da wace ce a gabansa.

Abin da na koya shi ne, akwai maganar da ba ta san wasa ba. Idan ta fita, ba mai faɗinta ke da iko da ita ba kuma, sai dai ya zauna kamar yadda muka zauna a zauren nan, yana jiran wani ya gaya masa ko gidansa yana nan.