Ɗinkin da Na Yi wa Rigar Mamaci

Ni mai riƙo ce, kowa a gidanmu ya san haka. Inna takan ce ko kaza ce ta taka mini shanya, bayan shekara sai na tuna launin ƙafarta. Ban taɓa ganin aibin wannan hali ba sai a shekarar da yaƙi ya raba N'Djamena gida biyu.

A Amrigebe muke, mu uku: Inna, da yayana, da ni. Babanmu ya rasu, aurena ya mutu, na dawo gida ina ɗinki da tsohon keke. Rabin unguwa sun tsallake kogi zuwa Kuseri, mu kuwa Inna ta ce ba ta barin ɗakinta. Ba kotu, ba ɗan sanda. Masu iko da unguwa su ne kombatan, samari masu rawani da bindiga, waɗanda suka yi sansani a makarantar firamare ta bayan kasuwa. Abin da suka yanke shi ne shari'a.

Wata safiya aka tsinci gawar maƙwabcinmu mai sayar da albasa a lungun da ke zuwa rijiya. Kowa ya ce harsashi ne, don a lokacin ko tari ya kashe mutum sai a ce harsashi. Mata suka zuba yashi a kan jinin, maza suka ɗauke shi, kafin azahar an yi masa wanka an kai shi. Haka muke yi, ba ma barin mamaci ya jira.

Na shiga gidan don taya su aiki. Matarsa ta miƙo mini rigar da ya mutu a ciki, shuɗiyar shadda, ta ce in fitar mata da ita daga gabanta, a ba mai ga-ruwan da ya haƙa kabarin. Na ga ba ya kyautu a yi sadaka da riga mai jini da yaga. Na wanke ta da toka da sabulu, rana ta busar da ita nan da nan, na ɗinke wajen da ya ɓaci a ƙarƙashin hammata, na ninke na ba mai ga-ruwa. Har daɗi na ji a raina, na ce na yi wa mamaci aikin lada.

Dab da magariba kombatan suka zo suka tafi da Yaya.

Laifinsa biyu. Na farko, ya tsinci bindiga a wani kango watanni da suka wuce, kuma maimakon ya binne ta sai ya riƙa nuna wa abokai, shi da ko kaza bai iya yankawa. Na biyu, sun taɓa yin cacar baki da mamacin a kan ruwan kwata da ke bi ta ƙofarmu, kowa ya ji. Ɗan ƙanen mamacin yana cikin kombatan, shi ya haɗa waɗannan biyun. Shugabansu ya ce za su riƙe Yaya har a yi sadakar uku, in an watse za su yi masa abin da ya yi. Mun san ma'anar wannan, mun sha jin ƙarar daga bayan makarantar.

Washegari da hantsi aka yi sallama, na leƙa na ga Baba Komiser. Bai taɓa zama komiser ba, wato shugaban ofishin 'yan sanda, ɗan sandan bincike ne na da, amma haka unguwa ke kiransa. Jikan mahajjatan nan ne da suka yada zango a hanyar Makka, Hausarsa rabi Larabci ce. Tun da aka fasa ofishinsu ba wanda ke biyansa albashi, ba shi da bindiga, ba shi da ko sanda. Wani tsohon littafin 'yan makaranta ne kawai a aljihunsa, da guntun fensir. Liman ne ya roƙe shi ya duba maganar.

Na tsani mutumin nan. Ina yarinya ya taɓa tsare babanmu kwana biyu a kan fatun sata da ya saya bai sani ba. Shi ɗin dai ya gano ainihin ɓarawon, ya sako babanmu, har ya rako shi gida. Wannan rabin labarin na zubar da shi, na riƙe ranar da aka wuce da ubana a gaban mutane.

Ya gaida Inna a tsugune, ya saurari kukanta har ta gaji, bai katse ta ba. Sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, ina so ki faɗa mini duk abin da kika yi jiya, daga asuba har faɗuwar rana. Ko shara ce, ki faɗa."

"Ban san komai ba," na ce. "Ka tafi da uban, yanzu ka zo ka ƙarasa ɗan?"

Inna ta daka mini tsawa. Shi ko gezau. Ya ce, "Kalas, shi ke nan, zan dawo," ya sa takalmansa ya fita.

Abin da ya yi a wannan yini daga baya na ji, daga bakin mutane. Ya je lungun ya tone yashin da hannunsa, ya duba bangon da ke bayan wurin taku-taku yana neman ramin harsashi. Akwai ramuka da yawa, amma duk tsofaffi ne, gizo-gizo ya yi saƙa a wasu. Ya tambayi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya ko sun ji harbi. Kowa ya ce ya ji. Sai ya sake tambaya: kusa ko nesa? Nan aka fara kame-kame, don ba wanda ya ji na kusa.

Ya je wajen tsohon da ya yi wa gawar wanka. Tsohon ya ce abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci tsakaninsa da Allah ne, ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Da wani ɗan sandan ne, da ya yi masa barazana. Baba Komiser ya ce masa gaskiyarsa ce, suka sha shayi suka rabu lafiya. Ya zagaya ta wajen matar da ta bayar da audugar toshe rauni, ya tambaye ta nawa aka nema. Ta nuna masa kan babban yatsanta. Shi kuwa ya san bindigar irin ta Yaya, in an harba ta a lungu, harsashinta kan shiga ta gaba ya fita ta baya, kuma auduga kamar kan yatsa ba ta toshe wannan.

Da la'asar ya dawo gidanmu. Ina jin sallamarsa na shige ɗaki na ce a ce masa ina salla. Ya zauna a zaure har na ga kamar ba zai tafi ba, ni kuma na ƙi fitowa. Ina tsammanin ina kare Yaya ne. Na ce a raina in na faɗa masa na shiga gidan mamacin har na taɓa kayansa, zai juya maganar ya ce mun je ɓatar da sawu. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Gaskiyar ita ce daɗi nake ji ina barinsa zaune a ƙofarmu kamar mai bara.

Ranar sadakar uku, gari na wayewa sai ga shi. Ya sami matar mamacin ta bayan labule, ta gaya masa inda rigar ta tafi da hannun da ta bi. Wannan karon bai nemi izinin kowa ba, ya tsaya a bakin ɗakina.

"Ki zage ni in kin so, 'yata, amma ki amsa mini tambaya ɗaya. Rigar nan, maho kika yi mata ko ɗinki?"

"Ɗinki."

"Me ya sa ba ki sa maho ba?"

"Ai ba rami ba ne. Bakin biyu na haɗa kawai, a miƙe yake kamar an sa almakashi."

Ban rufe baki ba na gane abin da na faɗa. Ni maɗinkiya ce. A shekarar nan na gyara rigunan da harsashi ya huda ba adadi, na san yadda yake cin yadi ya bar baki a ƙone, dole sai an nemo ƙyalle an toshe. Wannan kuwa tsaga ce mai tsawon ɗan yatsa, kuma a waje ɗaya, bayan rigar lafiya lau. Wuƙa ce. Kwana biyu hannuna ya san abin da zai ceci yayana, kaina bai sani ba, kuma mutumin da ya zo tambaya na kore shi sau biyu.

Na ce mu ruga makarantar in faɗa musu. Ya ce maganar ƙanwa a kan yayanta ba wanda zai saya, sai sun ga rigar da idonsu. Ya tura liman ya roƙi shugaban kombatan ya jinkirta zuwa magariba, aka dawo aka ce ya yarda. Matsalar ita ce mai ga-ruwan ya tsallake zuwa Kuseri tun jiya.

Lokacin ba a yi gadar Ngeli ba, sai kwalekwale. Muka bi lungu-lungu zuwa bakin kogi, muna kwanciya in an yi harbi, muna tashi. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma ni ce ke haki a bayansa. Mai kwalekwale ya ce ya cika, Baba Komiser ya kwance agogon hannunsa ya miƙa masa.

A Kuseri mutane ne kamar ƙasa, kowa a ƙarƙashin zana ko buhu. Ni da na ga wannan taro sai na fashe da kuka. Shi bai tambayi kowa sunan kowa ba. Ya ce mai ga-ruwa duk inda ya je ruwa zai ɗauka, don haka muka koma gangaren da ake ɗiba muka tsaya. Rana ta take, na yi ta yi masa masifa cewa muna ɓata lokaci. Bayan azahar sai ga mutumin da garwa biyu a kafaɗa, sanye da shuɗiyar shaddar. Baba Komiser ya cire tasa rigar ya ba shi a madadi, ya dawo da 'yar shara a jikinsa.

A cikin kwalekwale ya miƙo mini rigar da reza ya ce in warware ɗinkina a hankali, in bar zare biyu a ƙarshe don su ga inda aka fara. Na warware. Tsagar ta buɗe, bakinta sumul.

Mun isa makarantar la'asar sakaliya. Ƙofa a buɗe, ana loda akwatunan harsashi a mota. An ba su umarni su koma wajen unguwar Guji, kuma ba su tafiya da fursuna. Shugabansu yaro ne, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Baba Komiser ya shimfiɗa masa rigar a kan mota ya yi masa bayani da Larabci, a natse, kamar har yanzu akwai abin da za a ceta. Yaron ya sa yatsa a tsagar, ya juya bayan rigar, ya daɗe yana kallo.

"Sahi, gaskiya ne, wuƙa ce," ya ce. "Da jiya kuka zo."

Yaya yana bayan ajin ƙarshe, sun rufe shi da tabarma. Tun azahar suka harbe shi.

Na ɗauka aikin Baba Komiser ya ƙare ke nan. Bai ƙare ba. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan magariba da rigar a hannu, ya nuna wa duk wanda ya fito, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rantse sun ji harbin da kunnensu. Saboda haka washegari unguwa ta fito ta yi wa Yaya salla, har da dangin mai albasa. Wanda ya riƙe wuƙar kuwa, na tabbata ya gano shi, don ya ci gaba da yawo da littafinsa har mako biyu. Na tambaye shi, ya ce ba kotun da zai kai suna, kuma ba zai ba masu bindiga sunan kowa ba, ya ga yadda suke shari'a. Na ji haushinsa a kan wannan ma, amma ban iya buɗe baki na zage shi ba.

Ranar sadakar bakwai ta Yaya ya zo gaida Inna. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka, ina jin su. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye shi abin da ke cinta.

"Malam, tun da ka san wuƙa ce, me ya tsayar da kai har kwana biyu?"

Na ajiye kwanon. Na san abin da zai faɗa, kuma na san gaskiya ce. A gaban Inna na kore shi, sai dai ba ta san amsar tana wajena ba. Ita a saninta, shi ya gano komai a Kuseri.

"Tsufa ne, Hajiya," ya ce. "Ƙafata ba ta sauri kamar da. Ki yafe mini."

Inna ta yi shekara tara bayan haka. Duk ranar da aka ambace shi sai ta ce mutumin kirki ne amma nawa ta yi masa yawa, da ya yi hanzari da ɗanta yana raye. A gabana take faɗa, wani lokaci ina yi mata tsifa. Shi ma ya sha ji daga bakin mutane har ya rasu, bai taɓa gyara mata ba. Ni ma ban gyara ba.