Ragon Sunan 'Yar Harisu

Ana ta yaɗawa a Gadarif, nan ƙasar Sudan, daga kasuwar riɗi har wurin masu shayi, wai Harisu mai awo ya taɓu, ya ɗauki rago ya mai da shi ɗa. Wai yana ba shi shayi da madara a kofin gilashi, har ya kai shi wurin 'yan lajna, wato kwamitin unguwa, a yanka masa takardar zama ɗan unguwa. Wata tsohuwa ta rantse mini ta ga ragon a bayan raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya harɗe ƙafa yana kallon gari.

To, ni Lado, taubashin Harisu, ɗan ƙanwar ubansa, ni na ƙirƙiro rabin labarin nan, saboda haka ni ya kamata in gyara shi. Shayi ƙarya ne. Raksha ma ƙarya ne, ragon ya fi ƙarfin raksha. Amma rago akwai shi, fari mai baƙin wuya, ya kwana ashirin da uku a ɗaure a gindin darbejiyar gidansu, kullum yana ƙara ƙiba, mu kuma muna ƙara haɗiyar yawu. Ragon suna ne. Wadda za a yi wa sunan ce babu a gida.

Bari in fara gaya muku ko wane ne Harisu. Kakanmu ya taso daga Yamma a ƙafa zai je Makka, ya iso nan ya ga baƙar ƙasa da dawa, ya ce bari ya huta damina ɗaya. Har yau daminar ba ta ƙare ba. A cikin jikokinsa, ni na tsaya a aji huɗu saboda malamai sun kasa fahimtata. Harisu kuwa ya kai aji shida, sannan ya shiga kasuwar amfanin gona yana ɗaukar buhu. A nan aka gane baiwarsa: hannunsa ma'auni ne. Ya ɗaga buhun riɗi ya ce, "Ƙintari ba ratal biyu," a ɗora a sikeli, ƙintari ba ratal biyun ne. Haka muke awo a nan, ratal ɗari ke ƙintari guda. Na taɓa ganin ƙuda ya sauka a kan buhu, Harisu ya ce an ƙara kaya. Shekarun da ake kamen samari a kai su yaƙin Kudu, motar sojoji ta kwashe shi daga bakin kasuwa, ya yi shekara biyu can, ya dawo ba ya yawan magana. Ya tarar uwarsa Zainaba ta rasu yana can, an binne ta ba shi. Tun daga nan ya ce in Allah ya ba shi 'ya mace, sunanta ke nan.

Ya auri Larai. Shekara goma sha ɗaya, ciki uku sun zube. Na huɗun ya zauna, har muka fara yi masa ba'a cewa tafiyarsa ta sauya, shi ke tafiyar mai ciki. Ya sayi ragon tun cikin yana wata shida, abin da tsofaffi suka ce ba a yi. Da kaka ta zo, Larai ta je Simsim gaida uwarta. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka gidan kowa na gona. Ta shiga taya dafa wa 'yan yanka abinci. Nan naƙuda ta kama ta, ciki wata bakwai bai cika ba. A bayan lori, a kan buhunan dawa, aka kawo ta gari, hanyar nan mai tsage kamar ƙafar manomi.

Yarinya ta zo, bakwaini. Aka wuce da ita haddana, ɗakin da ake sa irinsu cikin akwatin gilashi mai ɗumi. Sista Iman, mai kula da ɗakin, ta faɗi nauyinta da giram. Harisu ya rufe ido ya juya shi zuwa harshen kasuwa, ya ce, "Ratal biyu da rabi." Ni dai na leƙa ta taga sau ɗaya. Ba zan yi ƙari a nan ba, don babu wurin ƙari: hannunta bai kai babban yatsana ba, ga roba a hanci, ga wata jaririyar a gefenta cikin akwati ɗaya, don akwatunan da ke aiki huɗu ne, jarirai bakwai.

Uba ba ya shiga. Larai kaɗai ke shiga, ta tatsi nono a ɗan kofi, a ɗura ta robar. Harisu kuwa ya bar kasuwa a tsakiyar kaka, lokacin da manoma ke neman hannunsa kamar ruwa, ya koma zaman dakali a bakin taga. In kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke da rana, sai ka ga iyaye maza sun miƙe gaba ɗaya sun kasa kunne wajen janareta. In ya tashi, su zauna. Ran da bai tashi ba, aka ba uwaye 'ya'yansu su sa a ƙirji su rufa da tobe, mayafin matan nan, har wuta ta dawo. Rediyon mai gadi na ta faɗin taken gwamnati, wai mu ci abin da muka noma, mu kuma muna kallon wani uba daga Ƙala'at an-Nahal ya fito rungume da ɗan ƙunshin farin ƙyalle, ko sallama bai iya yi mana ba. Harisu ya ga irin wannan fitowa sau biyar. Ya daina kallon ƙofa, sai taga.

Ranar bakwai Kawu Alhaji, uban Harisu, ya zo da wuƙa a naɗe cikin tsumma.

"Harisu, yau kwana bakwai. A yanka, a raɗa mata suna."

"Baba, sai ta dawo gida."

"In kuma ba ta dawo ba fa? Ka bar ta ta tafi ba suna, kamar ɓari? Da me za a kira ta ranar tsayuwa?"

Harisu ya dubi ragon. Sannan ya ce, "Baba, na rasa binne Zainaba sau ɗaya. Ba zan yanka rago don in binne ta da hannuna ba."

Kawu ya ce a sa wani sunan mana. Harisu ya ce ya riga ya yi alkawari. Kawu ya naɗe wuƙarsa ya fita, bai sha ko ruwa ba. A jikin akwatin kuwa, takarda ce manne: 'yar Larai.

Ni aikina tsokana, ita na gada. Kullum na je sai in gaida ragon kafin mai gida, in ce, "Ranka ya daɗe, an ƙara maka wa'adi." Ina yi ne ko zai yi dariya. Sau ɗaya ya yi murmushi. Shi ya sa na ƙara da zancen shayi da raksha, labari ya fi ƙarfina ya shiga gari.

Shekaranjiya da hantsi Sista Iman ta leƙo ta ce, "Ina uban 'yar Larai? Wanke hannu ka shigo." Duk wanda ya yi zaman dakalin nan ya san ba a kiran uba ciki don an samu sauƙi. Ta ciro yarinyar ta ɗora masa a tafin hannu, karo na farko. Larai ta ba ni labari, ta ce sista ta ce masa, "Ma'alesh, yi haƙuri, ta ɗan ragu kaɗan, amma tana nan kusa da yadda ta zo." Harisu ya ɗan ɗaga hannun sama, ya sauke, yadda yake yi wa mudun riɗi. Mutumin da bai taɓa kuskuren awo ba, sista ta ɗauka za ta lallashe shi da baki. Ya sunkuya ya yi mata kiran salla a kunne, ya faɗa mata sunanta. Ya roƙi biro, ya soke 'yar Larai, ya rubuta Zainaba.

Likita ya ce a yi addu'a. A asibitin nan kowa ya san fassarar wannan.

Da azahar ya aika a kira Kawu da wuƙarsa. Ba kiɗa, ba guɗa, ba a gayyaci kowa ba. Mu biyar ne a gindin darbejiya, ni na riƙe ƙafafun baya. Shirun ya yi mini nauyi, bakina kuma ba ya iya zama, sai na ce, "Kai bawana, ashe dai za mu ci hantar nan kafin mu tsufa. Rago ya yi ƙintari guda, amarya ratal nawa?"

Ya ɗago ya dube ni, hannunsa duk jini.

"Ba ta kai biyu ba, Lado. Amma kai da aka haifa wata tara cur, ka ci tuwon shekara arba'in, zo in ɗora ka a hannun nan mu gani ko ka kai ta nauyi. Riƙe ƙafar da kyau."